Kwanan Madalla, Aikin Abuja

Isiyaku Ɗantala bai taɓa kwana a garin da yake aiki ba. Shekara tara yana direban wani kamfanin gine-gine a Abuja, amma ɗakinsa da iyalinsa suna Madalla, cikin Jihar Neja. Asuba ta fitar da shi, magariba ta maido shi. Da ya zo Qatar ma ba ta canja zani ba: makwanci a Al Wakrah, aiki a Al Gharrafa, inda yake kai yaran wani Balarabe makaranta. Mutum ne da zama ba ya karɓarsa. Ko jira yake a bakin kanti, sai ka gan shi yana zagaya mota da tsumma, yana goge inda ya riga ya goge.

Da guminsa na farko a Doha ya sayi fili a Madalla. Matarsa Safiyatu ce ke bin takardun mallaka, har ranar da ta kira shi yana shirin fita aiki.

"Baban Firdaus, sun ce sai da shaidar biyan haraji. An duba, babu sunanka."

"Kamar yaya babu sunana? Duk wata sai an yanka a albashina lokacin da nake aiki a Abuja."

"Haka na gaya musu. Suka ce ba wurinsu aka kai ba."

Kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya je unguwar Asian Town ya tare Ɗayyabu, wani ɗan Zariya da ke digiri na biyu a fannin akanta. Shayin da ke gaban Isiyaku har ya huce bai taɓa ba.

"Yaya Isiyaku," in ji Ɗayyabu, "harajin albashi inda mutum ke kwana yake bi, ba inda yake aiki ba. Naka na Neja ne. Ina jin kamfanin ya sa adireshin ofis a matsayin naka, kuɗin ya zauna a Abuja."

"To su je su karɓo mana. Ba gwamnati ɗaya ba ce?"

"Kowa da asusunsa. Kai za ka kawo shaida."

Kamfanin kuwa tuni ya rufe. Isiyaku ya shiga bin tsofaffin abokan aiki a waya, wannan ya tura shi wurin wancan, har ya samu Nasidi, tsohon akantan kamfanin, yana sayar da takin zamani a Gombe. Aka yi sa'a bai zubar da fayil-fayil ba. Safiyatu ita ma ta tono takardun albashi a ƙasan akwatin zannuwanta. Ɗayyabu ya rubuta wasiƙa, ya haɗa da shaidar zaman Qatar.

Isiyaku ya roƙi kafil, wato Balaraben da yake wa aiki, hutun mako biyu ya je da kansa.

"Sai yara sun gama jarrabawa. Khalas, magana ta ƙare," in ji Balaraben.

Dole ya haƙura, amma wayarsa ba ta haƙura ba. Safiyatu na cikin motar Minna zai kira, tana layi a Abuja zai kira. Wata rana ta ce masa, "Don Allah ka bar ni in ji abin da jami'in ke faɗa. Ni ce a nan, ba kai ba."

Ya ajiye wayar. Ranar sau ɗaya ya ƙara kira, ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Wata huɗu aka kwashe kafin shaidar ta fito. Hotonta ya shigo yana ƙofar makarantar yaran. Ya karanta sunansa, ya karanta adireshin Madalla, ya ce alhamdulillah, sannan ya danna lambarta.

"Sannu da ƙoƙari, Maman Firdaus. Allah Ya saka. Yanzu sai a nemi magini, a ji kuɗin bulo."

"Ka bar ni in wanke ƙafata tukuna," in ji ta. "Yanzu na sauka daga mota."