Kakana Ba A Bin Bayansa

Jiya a kasuwar Gidan Rumji na ga wata hula cikin gwanjo, da hoton ƙoƙon kan mutum a goshinta. Nan take marigayi kakana ya faɗo mini a rai.

Bai taɓa yarda a bi bayansa ba. In za mu gona sai ya tsaya cak ya ce, "Wuce gaba." Mutanen gari suka ce ba ni da tarbiyya, ina shan gaban tsoho. Shi kuma suna yi masa dariya, wai aikin sojan Faransa ya taɓa masa kai.

Wata rana na ƙi wucewa. Ya zauna gindin gawo, yana warin taba da zufa.

"Jikana, sojan Jamus masu ƙoƙon kai a hula suka kama mu. Suka ware Turawa gefe. Mu baƙaƙe aka ce mu shiga wata gona, kada mu waiwaya. Sai suka buɗe mana wuta ta baya. Gawar abokina ce ta rufe ni."

Masu yi masa dariyar nan su suka jeru bayan makararsa, ranar da ba shi da bakin hana su.

Allah Ka jiƙansa, Ka kwantar da shi inda ba waiwaye.