Lambar da ke Bayan Wayar Sakatariya

"Ni fa abin da ban gane ba, shi ya buɗe wayar ko su?"

"Su suka buɗe. Amma shi ya rubuta lambar sirrin ya manna a baya."

"Da hannunsa?"

"Wai haka yake yi wa kowa."

"Tabɗi! Ai gara ya rataye wa mutum mabuɗin gidansa a bakin ƙofa."

Injiniya na zaune a benci ɗaya da masu wannan hirar a barandar kotu, ba su san da shi suke ba. Ya so ya juya ya yi musu bayani, sai ya tuna Barista, lauyar mai wayar, ta ce kada ya yi magana da kowa kafin a kira shi. Ya haɗiye maganar, ya ci gaba da murza hularsa a gwiwa.

Shekararsa ashirin da shida yana gyara. Da rediyo ya fara, ya koma kaset, da kaset ya mutu ya bi wayar hannu. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, idan ya miƙa hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Akwai teburin gilashi, da fitila mai madubin ƙara girma, da ƙarfen narka dalma, da aljihun tebur uku cike da wayoyin mutane. Mutum ne mai son ganin cikin abu. Satin da aka kawo masa amarya ya kwance dutsen gugarta, ba don ya lalace ba, don kawai ya ga abin da ke kashe shi idan ya yi zafi. Har yau matar takan ce, "Kai ko ranar da za a yi maka wankan gawa sai ka tashi ka tambayi irin sabulun." Abu ɗaya ne bai taɓa leƙawa ba, saƙon mutane.

Ɗabi'ar manna takarda kuwa wani direba ne sanadinta. Ya bar waya a kulle ya yi tafiyar sati biyu, Injiniya ya gyara amma ya rasa yadda zai gwada. Tun daga ranar, duk wayar da aka kawo sai ya yanki farar takarda mai gam, ya rubuta sunan mai ita da ciwonta da lambar buɗewa, ya manna a baya. Shekara tara babu wanda ya ce uffan.

Sai Sakatariya ta kawo tata. Ita ce sakatariyar ƙungiyar ma'aikata a wata masana'antar takalma, lasifikar wayarta ce ta daina magana. Kwana biyu da kawowa, wasu mutum biyu cikin farin kaya suka tsaya a gaban gilashin, suka nuna katin 'yan sanda, suka ce ya ba su wayar. Bai tambayi takardar alƙali ba, don bai san ana tambaya ba. Ɗayan ya juya wayar, ya ga rubutun, ya yi dariya.

"Injiniya, Allah ya yi maka albarka, ka rage mana aiki."

A nan kan teburinsa suka karanta saƙonninta. Washegari aka kama ta, aka ce ita ta tunzura ma'aikata suka tare ƙofar masana'anta har aka yi ɓarna. Sati tara ke nan tana tsare. Hujjar da ake da ita duka a cikin wayar take. Idan kotu ta karɓi saƙonnin, shekaru za ta yi a gidan yari.

Barista, lauyar da ke kare ta, ta zo shagon sau ɗaya. Doguwar mace ce mai saurin magana, ta zauna a kan kujerar kwastoma ta fito da ɗan littafi da ya sha hannu.

"Baba, wannan shi ne tsarin mulki. Ya ce sirrin mutum abin karewa ne, gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta tarho."

"To ai shi ke nan, an gama."

"Da sauranka. Lauyan gwamnati cewa yake yi ita da bakinta ta ba ka lambar, kai kuma ka rubuta a fili. Wai abin da ka bai wa wani ya daina zama sirri."

Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa. "Littafin me ya ce a kan wayar da aka bari wurin mai gyara?"

"Bai ce komai ba. Lokacin da aka rubuta shi, tarho a ɗaure yake da igiya a jikin bango."

"To yaya ake yi?"

"Kai yaya kake yi idan an kawo maka sabuwar waya, kuma zanen tsohuwa kawai gare ka?"

"Sai in bi hanyar wuta. Idan na gane abin da mai ƙirar yake so wutar ta yi, sauran mai sauƙi ne."

"To alƙalai ma haka. Wani alƙalin ya tsaya kan baƙaƙen da aka rubuta, wani ya bi abin da masu rubutun suke gudu. Ba mu san wanne muka samu ba."

Ya riƙe ta da tambayoyi har shayinta ya huce. Idan ɗan sanda ya tsinci wayar a titi fa? Idan mijinta ne ya buɗe musu? Da ƙyar ta samu ta tsere.

Yanzu ga shi an kira sunansa. Ɗakin shari'ar bai kai girman da yake zato ba. Fanka ɗaya na juyawa da ƙara, ya ji daga nan ƙasa cewa ƙarfen tsakiyarta ne ya ci. Sakatariya na cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, ta rame, ba ta dube shi ba. Wayar na kan teburin magatakarda a cikin leda, rubutunsa a sama.

Lauyan gwamnati ya miƙe. "Malam, wani ya tilasta mata ta ba ka lambar?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Duk wanda ya ɗauki wayar zai iya karantawa?"

"Zai iya."

"Na gama."

Mai shari'a dattijo ne mai magana a hankali. Ya zare tabarau ya dubi Injiniya.

"Da ta ba ka lambar, don ka yi me ta ba ka?"

"Don in kira tawa wayar in ji ko lasifika ta tashi, ranka ya daɗe."

"Ka shiga saƙonninta?"

"Me zai kai ni? Lasifika ba ta can."

Wani ya yi dariya a baya, ɗan sandan kotu ya harare shi.

"Da za ka shiga, a sana'arku me za a ce ka yi?"

"Sata, ranka ya daɗe. Ko ban ɗauki komai ba."

Aka tafi hutun awa ɗaya. Da aka dawo, mai shari'a ya karanta abin da ya rubuta, Injiniya ya miƙa wuya yana kama abin da zai iya. Ya ce wanda ya ba mai gyara lamba don gyara, bai ba duniya ba. Ya ce waɗanda suka kare wasiƙa ba takarda da ambulan suke karewa ba, maganar da ke ciki ce, kuma wayar yau ta fi akwatin wasiƙun shekara goma. Ya ce 'yan sanda suna da kwana biyu cur da za su nemi izinin kotu, ba su nema ba. Saƙonnin ba za su shiga shari'a ba. Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ba su da wata shaida a yanzu, kuma za su ɗaukaka ƙara. Aka sallami Sakatariya.

A baranda 'yan uwanta suka rufe ta. Da ta zo wucewa ta gabansa ya miƙe, hula a hannu.

"'Yata, ki yafe min."

Ta tsaya ta dube shi. "Baba, sati tara. Ɗana ya fara tafiya ban gani ba." Yayarta ta ja hannunta suka sauka matakala.

Yana nan tsaye magatakarda ya fito da ledar a hannu, zai kai ɗakin ajiyar kayan shaida. Saboda ɗaukaka ƙarar, wayar za ta ci gaba da zama a hannun hukuma. Ledar fara ce tas, lambobi huɗun nan suna kallon duk wanda ke barandar. Injiniya ya ratsa mutane da sauri ya tari Barista tana cire baƙar rigarta.

"Barista, don girman Allah ki koma ciki kafin mai shari'a ya tashi. Ki roƙe shi ya ba da izini a rufe rubutun nan nawa kafin a kai wayar ajiya."