Fuskar Dhiren a Kwanon Mai

Asabar ranar Shani ce, tauraron da kowa ke ɗora wa laifi. Shi ya sa wannan mutumin yake hawowa dutsen Navagraha, inda ɗakin bautar taurari tara yake, yana haki, tumbi a gaba, baƙin rinin gashi na gangarowa da gumi har wuya. Sauran taurari takwas ko kallo ba su ishe shi ba. Ina jin haka yake wuce mutane a gidansa.

"Sunana Dhiren Kalita," yake gaya wa malamin ɗakin bautar, ni kuma ina gefe ina saurare. "Malam, mai ɗakina ta koma gidan yayanta, wai ba ta dawowa. Ni kuwa ko hararar kirki ban taɓa yi mata ba. Aikin Shani ne."

"To, Shani ne," in ji malamin, yana miƙa masa kwanon man riɗi. "Leƙa ka ga fuskarka, masifar ta faɗa ciki, mu miƙa wa mai ita."

Dhiren ya sunkuya, ya daɗe yana kallon fuskarsa. Har na fara tausaya masa, na ce yau dai an yi ido huɗu da mai laifi. Can sai ya lashi yatsa, ya murza gashin baki, ya karkata kai yana duba ɗaya gefen.

'Yar'uwa, duk inda kike, kada ki yi saurin ɗaure kayan dawowa gidansa.