Na Tamanin da Bakwai

Shekara ashirin da shida ta yi tana haɗa jerin waƙoƙi goma na sama a gidan rediyo, shi ya sa kowa ke ce mata Anti Goma. A da aikin na ƙafa ne. Kowace Alhamis sai ta bi shagunan faifai da littafinta tana tambayar abin da aka fi saye, ta dawo ofis ƙafafu a kumbure, ta tsoma su a ruwan ɗumi ƙarƙashin tebur.

Yayanta shi ne mai jita a wata tsohuwar ƙungiyar kiɗa. Ba ta taɓa ɗaga su ko da mataki ɗaya ba. Akwai shekarar da ta sa su na huɗu, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarta.

Sannu a hankali shagunan suka rufe, wani ya koma sayar da caja, wani aski. Yanzu a shirye jerin yake zuwa ta kwamfuta, waƙoƙi ɗari, gwargwadon yawan saurare a waya. Nata kawai ta buga goman farko a takarda ta miƙa wa mai gabatarwa.

Bana ƙungiyar ta fitar da sabon kundi. Su bakwai ne a da, yanzu saura biyar. Shekara biyu suna fama da shi, don mai ƙaho sai da aka sa masa haƙoran roba kafin ya iya busa. Faifan da suka buga ya ƙare tas cikin kwana tara. Sai dai masu sayen tsofaffi ne irinsu, a mota suke saurare ko a falo, inda ba na'urar da ke ƙirgawa.

Ran Alhamis ta yi ta gangarawa cikin jerin har idonta ya kawo ruwa kafin ta gan su. Da yamma ta same su a ɗakin da suke gwaji, bayan garejin wani bakanike, fanka ɗaya na juya musu zafi.

"Ƙanwata, na nawa?" in ji Yayan.

"Tamanin da bakwai."

Mai ganga ya ce, "Da jarrabawa ce ai mun ci." Shi kaɗai ya yi dariya.

"Amma faifai ya ƙare," Yayan ya ce. "Da hannuna na miƙa na ƙarshe."

"Ɗari biyar ne, Yaya. Wanda ke na ɗaya, kafin ka ɗaure tsirkiyar jitar nan an saurare shi sau dubu."

"Ke da kike ciki, ba yadda za ki yi?"

"Lokacin da nake da iko ma ban yi ba, balle yanzu da ko biro ba a nema a hannuna."

Ya cire tabarau ya murza ido. Can ya ce, "Ke kin saurara?"

Ta girgiza kai. Ta sayi faifan, amma na'urar gidanta ta daɗe da mutuwa, kuma ba mai gyaran irinta.

Sai ya sa aka jawo mata kujera, suka kama kundin daga farko. Sau biyu suna tsayawa mai ƙaho ya huta. A waƙa ta huɗu barci ya ɗauke ta, jakarta a cinya. Yayan ya yi wa mai ganga alama ya sassauta hannu, suka ci gaba har ƙarshe.

Mako na gaba ba sa cikin ɗarin gaba ɗaya. Ta duba sau biyu, sannan ta buga takardar ta kai wa mai gabatarwa.