Littafin da Muka Tsaga Biyu

Ko na manta da komai na zamanin karatuna, daminar da za mu shiga ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Magarya ba za ta fita raina ba. Mu biyu kaɗai ne mata a ajin kimiyya, ni ƴar Guci, ƙawata ƴar Yekuwa.

Dab da hutu mushen lissafi, wato malaminmu, ya ce duk mai son cin bak, jarrabawar fita lise, ya nemi wani tsohon littafin lissafi na analiz ya duƙufa a kansa. Muka haɗa ɗan abin hannunmu muka tafi Damagaram. Mai tsofaffin littattafai ya fito mana da iri biyu, ɗaya mai bangon kwali, ɗinkakke, da nauyi kamar tubali, ɗaya mai bangon takarda. Ƙawata ta rungume mai kwalin, ta ce wannan har ƙannenmu sai sun ci moriyarsa, mu riƙa karɓa-karɓa. Ni kuwa na kafe a kan mai laushin, don shi ana iya tsaga shi kowa ta tafi gida da rabi. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin bayan sati uku mu yi musaya ranar kasuwar Guci. Mai littafi ya sa reza ya raba, na yi wuf na ɗauke rabin farko.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, kullum ita ke zuwa ta ɗaya ni ta biyu, abin kuma yana cina. Na san rabin farko shi ne tushe, in babu shi na biyun wahala ne. Ranar kasuwa ta hau amalanke ta zo har gidanmu. Na lafe a ɗaki, na sa aka ce mata ina gona mai nisa. Ina jin muryarta tana gaida innata, tana dariya, har ta tafi. Sau biyu ta aiko mai amalanke, ina cewa ban gama ba.

Gero na fidda kai labarin ƙawata ya iso daga Yekuwa. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, ruwa ya ci hanya, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Da na je gaisuwa, mahaifiyarta ta jawo ni gefe, ta kwance wani kallabi ta miƙo mini rabin littafin.

"Ɗiyata, ta ce naki ne. Wai ta share miki hanya."

Na buɗe. Gefen kowane shafi cike yake da rubutunta na fensir. A wani wuri ta rubuta, "Ƙawa, nan za ki rikice, fara zana hoton tukuna." Ashe duk kwanakin da nake ɓoye mata tushe, ita tana can tana faman warware mai wuyar domina. Rubutun ya tsaya shafi tara kafin ƙarshe.

Na ci bak, yau ni ma lissafi nake koyarwa, amma ban taɓa jin daɗin wannan sakamako ba. Na koyi cewa wanda kake tsere da shi wani lokaci bai ma san ana tsere ba, kuma haƙƙin da ka riƙe kana cewa gobe, ba lallai goben ta tarar da mai shi ba. Allah ya jiƙanta, ya yafe mini.