Daƙiƙa Talatin Da Na Ɗora A Sitatus

A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai gyaran waya a bakin kasuwar Ƙaura Namoda, da 'yar rumfata da tsohuwar kwamfuta. Hannuna yana da kyau a aiki, amma ina da wani ciwo: ina son a ce a wurina aka fara ganin labari. A sana'armu, kafin a wanke waya ana kwashe abin da ke cikinta a zuba a kwamfuta, in an gama a mayar, sannan a goge na kwamfutar. Ni ba na gogewa, kuma ina leƙa abin da ba a ba ni izinin gani ba. Ban taɓa ɗaukar hakan cin amana ba, ina ganin ɗan nishaɗin aiki ne.

Wata rana wani dattijo manomi daga Dauran ya kawo min wayarsa, ya ce ta ƙi aika saƙo. Bayan ya karɓa ya tafi na buɗe kayansa, na tarar da bidiyon da ya ɗauki kansa a gaban rumbunsa da 'yan bindiga suka ƙona, yana son tura wa ƙanensa da ke kudu. Ashe bayan harin wani malami ya je garinsu wa'azi, ya karanta ayoyi, ya ce zunubansu ne suka jawo musu. Dattijon ya maimaita abin da malamin ya faɗa, sannan cikin ɓacin rai ya ce ƙarya ne, shi bai yarda ba. Daga nan ya yi kusan minti huɗu yana bayani, cewa Littafin Allah gaskiya ne, ƙaryar ita ce a ɗora wa marayu laifin kashe iyayensu, mai ɗorawar kuma ya koma birni tun kafin la'asar. Da salati ya rufe, yana hawaye. Abin ya taɓa ni, na ɗora a sitatus ɗina. Nakan ce don mutane su ga halin ƙauye na yi, amma gaskiya son a yabe ni ya fi yawa. A lokacin sitatus daƙiƙa talatin kawai yake ɗauka, sai ya yanke daidai inda ya ce bai yarda ba. Na gani sarai, na ce zan ƙara sauran in na sallami masu jira, na manta.

Kafin azahar ta washegari guntun bidiyon ya zaga garin, ya kai Zurmi da Shinkafi, wani ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa ga wanda ya ƙaryata Alƙur'ani. A kasuwar Moriki aka gane fuskar dattijon. Allah ya sa 'yan sanda sun riga taron kai masa, amma a cikin turmutsitsin an farfasa wayarsa. Aka gurfanar da shi a kotun shari'a bisa tuhumar ɓatanci ga addini, aka kai shi gidan yari. Ƙanensa bai taɓa samun saƙon ba, don haka cikakken bidiyon babu shi a ko'ina sai cikin kwamfutata.

Nan ne babban laifina, wanda ya fi na farko muni. Na goge sitatus ɗin na yi shiru. A majalisarmu kowa ya zama alƙali, har ana cewa kotu tana ɓata lokaci. Mai shayin da ke gefen rumfata ya ce a bari a ji ta bakin mutumin tukuna, nan take aka yi masa caa, ana tambayarsa ko shi ma irinsa ne, sai da ya yi ta rantsuwa aka ƙyale shi. Na gaya wa mahaifiyata, ta fashe da kuka ta ce in rufa mata asiri, in na fito za a ce ina kare mai ɓatanci, a ƙona rumfar da ni a ciki. Na riƙa lallashin kaina da cewa alƙali zai gano gaskiya. Da me zai gano ta, alhali tana wurina? Wata uku ina cin abinci ba na jin daɗinsa, in na tayar da sallah fuskarsa nake gani.

Abin da ya karya ni hirar wani direban hanyar Zurmi ce, ya ce duk gonakin da ake iya zuwa a gefen Dauran sun yi kore, ban da ta dattijon nan da ke tsare, kuma an sa ranar yanke hukunci. Da safe na ɗauki kwamfutar na nufi kotu. Alƙalin ya kalli bidiyon sau biyu. Ya ce an yi dokar ne don kare martabar addini, ba don a hana talaka mayar wa malami magana ba, ya yi min kaca-kaca a gaban jama'a, ya sallami dattijon. A bakin ƙofa dattijon ya tsaya ya dube ni, ya rame har na kusa kasa gane shi.

"Ɗana, tun yaushe wanga abu yake hannunka?"

"Tun ranar farko, Baba."

Ya ce, "Da ka zo da wuri, da na yi shibka."

Bai zage ni ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na watsa cikakken bidiyon, amma waɗanda suka yi ta yaɗa guntun ba su da lokacin kallon minti biyar. Kotu ta wanke shi, gari bai wanke shi ba. An ce in ya shiga sahu a masallaci, na kusa da shi sai ya matsa. Bai kai kaka ba ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Nijar, har yau ban san garin da yake ba balle in je neman gafara.

Ni Musulmi ne, ina kishin addinina, ba zan taɓa yarda a wulaƙanta shi ba. Amma na ga da idona yadda kalmar ɓatanci take: in an jefi mutum da ita ba ya iya kare kansa, wanda ya san gaskiya ma tsoron buɗe baki yake. 'Yan'uwana masu gyaran waya, ku ji tsoron Allah a kan abin da aka ba ku amana. Ku kuma masu turawa, in aka aiko muku da guntun maganar wani, ku nemi sauranta kafin ku danna. In kuwa sauran tana hannunku, ku fito da ita ranar farko. Ni na jira wata uku, kuma mutumin da bai yi min komai ba ya rasa gonarsa da garinsu.