Shafi na Tara na Littafin Kamfanin Man Gyaɗa

Da maigidana ya rasu, ƙannensa suka raba gonar da igiya, sannan suka tuna da ni. Babbansu ya ce, "Matar Yaya, ga naki tumunin," ya miƙo mini wata takarda mai kauri da suka tsinta a ƙasan adaka. Hannun jari ne na wani kamfanin man gyaɗa a Kano, inda marigayin ya ƙarar da ƙarfinsa wajen dakon buhu. Ba ƙauna ce ta sa suka bar mini ba. Sun duba ne suka ga takarda ba ta shukuwa.

Duk shekara kamfanin yakan aiko da littafi ta gidan wayar Ɗambatta, da 'yar ribar da ba ta wuce kuɗin sabulu. Da littafin nake ƙunshe daddawa. Sai da na yi jika biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a zauren mai unguwa, daga nan na fara kai shi aji, malamarmu tana fassara mini.

A shafi na tara ake jera manyan masu kamfanin. Da farko gwamnati ce da wasu alhazan birni. Wata shekara sai ga wani suna dogo, na haɗa baƙaƙensa har na gaji bai zama sunan mutum ba.

Na ce, "Malama, wannan wane alhajin ne?"

Ta ce, "Inna, ba mutum ba ne, asusu ne. Attajiran ƙasashen waje suke tara kuɗinsu su damƙa wa wasu. Su kuma su sayi hannun jari inda suka hango riba, su sayar kafin ya faɗi."

"Ashe masu ɓoye gero ne."

"Waɗannan ko geron ba sa gani."

Shekara ta zagayo dogayen sunayen suka zama biyu, ta sake zagayowa suka zama huɗu, alhazan suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Shekarun nan ne taki ya gagari talaka, ruwa yana ɗaukewa gyaɗa ba ta gama ƙwari ba. Abin da ya riƙe mu shi ne sikelin kamfanin da ke Ɗambatta. A can ake auna gyaɗarka a biya ka daidai nauyinta. A kasuwa kuwa ɗan awo zai cika tiya ta yi tozo, ya tare gefenta da hannu har gwiwa, ya ce ɗaya ke nan.

Sai takarda ta zo cewa za a yi taro a birni, a kaɗa ƙuri'a kan rufe wuraren sayen gyaɗa na ƙauyuka. Malama ta ce ina da ƙuri'a. Na bi gari gari na zaƙulo masu irin takardata, tsofaffin leburori da matan da mazansu suka rasu, har muka cika bas. Lissafina irin na zaɓen kansila ne: a ƙirga kawuna, masu yawa su ci.

Zauren otal ɗin sanyi kamar randa. Aka ce waɗanda ba su yarda a rufe ba su ɗaga hannu. Muka ɗaga, mu da 'yan fansho na birni, zaure ya zama daji. Har na fara gyara mayafi. Sai wani mai kwat a layin gaba ya miƙe ya ce a ƙirga da yawan jari, haka doka ta tanada. Aka raba takardu, aka tattara, aka sanar an yarda a rufe. Abin da ke hannunsa shi kaɗai ya rinjayi zauren duka.

Na tare shi a bakin ƙofa.

"Ɗan nan, ka taɓa ganin sikelin?"

"Hajiya, ni wakili ne kawai."

"Ban je Makka ba. Na ce ka taɓa ganinsa?"

"A'a, Inna."

"Waɗanda suka aiko ka fa?"

Ya duba wayarsa. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, kuma wannan ya fi ɓata mini rai, don na rasa wanda zan zaga. Aka ba kowannenmu shinkafa a roba da lema mai tambarin kamfani.  A bas wani tsoho ya tambaye ni ko mun ci, na ce ya ci shinkafarsa.

Kafin kaka aka garƙame wurin sikelin. Littafin shekarar da ta biyo baya ni na karanta shafi na tara da kaina, da yatsa, ba malama. Asusun nan huɗu babu ko ɗaya. Jarin ya ɗan tashi bayan rufewar, sun sayar sun wuce. Wasu sunaye ne sababbi, su ma dogaye.

Gyaɗar 'yar gayaunata kuwa ranar kasuwa nake kai ta Ɗambatta. In zauna ƙarƙashin lemar, ina kallon ɗan awo yana naɗe hannun riga.